A bar wa tsofaffin hotuna launinsu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja kunnen samarinmu masu sa wa hotunan kakanninsu kala da manhajar waya. Jikana ya yi wa hoton mahaifina haka, wanda aka ɗauka a bakin Binuwai nan Garwa kafin 1960, zamanin da jiragen ruwa ke zuwa lodin auduga da gyaɗa in ruwa ya cika. Rigarsa fara ce sol, manhaja ta mai da ita shuɗiya. Ina dalili!

Ni launin nan na ƙasa-ƙasa, kamar shayin da ya ji madara, shi ke ɗaukar hankalina. Ba ya hayaniya. Sai ido ya natsu a kan fuska, ka ga kwarjini, ka ga naɗin rawani, har da ɗaure fuskar da mutanen dā ke yi gaban mai hoto. Kuma ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba: masu hoto kan tsoma takardar cikin maganin da ke da farar wuta, ta haɗu da azurfar jikinta, shi ya sa ya fi jure shekaru.

Gara da danshin damina ne abokan gābar tsofaffin hotuna. A kwafa a waya, a ɓoye na ainihin a wuri busasshe.

Naka mai karatu,
daga Garwa, Kamaru