Wasiƙa Zuwa Ga Aboki: Dokar Kulle da Lafiyar Dabbobin Gona

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni shirin da mai kiwo ya kamata ya yi idan wata annoba ta sake jawo dokar kulle irin ta korona a 2020.

Ita cutar kanta ba ta yi wa dabbobin gona wata ɓarna ba. Kaji ba sa kamuwa da ita, shanu ma da ƙyar. Wadda ta sha wuya ita ce mink, dabbar da ake kiwo don gashinta: ta ɗauka daga ma'aikata ta mayar musu, har Denmak ta ba da umarnin kashe kusan miliyan 17 a Nuwamban 2020. Sauran kuwa rufe hanya ne ya kwantar da su. Abinci bai shigo ba, likita bai zo ba, wadda ta isa sayarwa kuma ba ta fita ba.

Kajin nama su ne farkon faɗuwa. Ana fitar da su ne a kwana 35 zuwa 42, kuma girmansu ba ya jiran a buɗe kasuwa. Da mayankai suka rufe a Amurka a Afrilun 2020 saboda ma'aikata sun kamu, sai da aka hallaka kaji da aladu masu ɗimbin yawa a gonaki. Kazar da ta wuce lokacinta nauyi ke rinjayar ƙafarta. Sai ta kwanta a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ƙirji da tafin ƙafa su yi gyambo, zuciya ta gaza, ciki ya tara ruwa. Ɗakin ma ya yi musu kaɗan, zafi ya ƙaru, warin kashi ya ci musu huhu. In ka shiga idonka ya yi yaji, to su sun daɗe suna shan wahala. Abin yi shi ne ka rage saurin girman tun da wuri: ka ƙara musu duhu zuwa awa 6 ko 8 a dare, ka koma abinci mai sauƙin ƙarfi, ka fara fitar da manyan ko kaɗan-kaɗan, ka ƙara busasshiyar shimfiɗa. Ruwa kam kada ka taɓa rage shi. Kada kuma ka bar mazubin abinci fayau na tsawon yini, don in ka zuba za su tattake juna.

Saniyar tatsa matsalarta daban. A wannan shekarar an yi ta zubar da madara a Amurka da Ingila don babu mai ɗauka, amma ba a daina tatsa ba, kuma da dalili. In ka tsaya kwatsam, hantsa ta cika ta kumbura, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Ka fara rage mata dusa, nonon zai ja baya da kansa, sannan ka koma tatsa sau ɗaya a rana. Kullum ka tatsi ɗigon farko a baƙin faranti. Gudaji, ko hantsa mai zafi da tauri, alama ce ta ciwo.

Idan abincin da suka saba ya yanke, kada ka sauya musu rana ɗaya. Ka riƙa gauraya sabon da tsohon na kwana 7 zuwa 10. Saniya ko tunkiyar da aka cika wa hatsi farat ɗaya tumbinta zai yi tsami, ta yi zawo, ta daina tuƙa, wani lokaci ta mutu. Masu tara buhuna don tsoron yankewa su ma suna jawo wa kansu: abincin da ya ji danshi yana yin funfuna, gubarta kuma hanta take ci. Ka ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, na fari ya fara fita.

Rigakafi shi ne inda aka fi yin asara a ɓoye, don ba a ganin sakamakon sai bayan makonni. Yawancinsa sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma na kaji da ake kaɗawa a ruwa sai a shanye shi cikin awa 2. Ranar rigakafin Gumboro, cutar da ke kama 'yan tsaki, in ta wuce, ta wuce. Shi ya sa tun a Maris 2020 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta nemi gwamnatoci su sa aikin likitan dabbobi cikin ayyukan da kulle bai hana ba. Ka riƙe lambar likita, ka tura masa hoto da bidiyo, amma kada ka maye gurbinsa da ɗura maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka.

Garken da aka hana tafiya kiwo kuma yana cinye ciyawa har ƙasa, yana kwasar tsutsar ciki daga kashinsa. Ka raba filin gida-gida kana juya su, kana duba cikin fatar ido: in ta yi fari, jini ya ragu.

Ka gaida mutanen gida da yara. Ka rubuto mini yawan kajin da girman ɗakin, in lissafa maka nawa zai ɗauka.

Naka amini.