Zuwa ga Auta, a kan faɗuwar gaban da ke kama ki a dandali

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya sanyin Jos? Mu nan Bauchi kowa lafiya lau, Abbanku da yayyenki duk suna gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya kuka ya hana ki saurare na. Kin ce ranar wasan kwaikwayo in kina tsaye bayan labule bakinki yakan bushe ƙamas, gwiwoyinki su kama karkarwa, zuciya tana dukan uku-uku, da kin fito kuma kin yi ido huɗu da jama'a sai maganar da kika kwana kina haddacewa ta ɓace ɓat. Kin ce wata malamarku ta ba ki shawarar ki gwada hifnosis, wato hanyar sa mutum ya shiga natsuwa mai zurfi ta yi masa magana, a hannun masani, kina neman izininmu. Mun ba ki izini, amma da sharuɗɗa, kuma ina so ki karanta dalilaina har ƙarshe.

Ki fara cire wa ranki cewa wani ne ya yi miki baki ko asiri. A shekarun da na yi ina aikin jinya na sha ganin ɗaliba mai ƙwazo, wadda ta san karatunta ciki da waje, ranar da aka ce ta sa wa majinyaci allurar jijiya a gaban malama, hannunta yana rawa har audugar ta faɗi ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Abin da ke faruwa shi ne, da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai wasu 'yan ƙulluttuka da ke saman ƙoda su saki wani sinadari da ake kira adirenalin. Shi ke sa zuciya gudu, ya tura jini zuwa manyan tsokoki, ya tsayar da yawu, domin mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Jikinki bai bambance zaki da ɗakin kallo cike da mutane ba. Kaɗan daga wannan zafin yana da amfani, shi ke sa ɗan wasa ya farka, muryarsa ta yi rai. Matsalar taki ita ce ya yi yawa har yana toshe miki hanyar tuna abin da kika sani.

Da na faɗa wa Abbanku maganar, tambayarsa ta farko ita ce, ba dai wani bori ba ne aka sa wa rigar asibiti? Tambaya ce ta uba mai kishin addinin 'yarsa, don haka na zauna na yi masa bayanin yadda ake yi. Za ki zauna a kujera, likita yana yi miki magana a hankali, ya ce ki saki kafaɗunki, ki bi numfashinki, ki tattara hankalinki wuri guda har hayaniyar da ke kanki ta lafa. A cikin wannan natsuwar zai ce ki ga kanki kina taka matakalar dandali, ki ji katakon a ƙarƙashin tafin ƙafarki, ki ji zafin fitila a goshinki, ki buɗe baki ki faɗi jimlar farko ta fito sumul. Wasu sukan haɗa natsuwar da wata 'yar alama, kamar matse babban yatsa da manuni, a yi ta maimaitawa har ya zama da kin matse su a bayan labule jikinki ya tuna. Ba a kiran kowa, ba a ƙona komai, kina jin duk abin da ake faɗa, kuma in aka ce ki yi abin da ranki bai yarda da shi ba kina iya buɗe ido ki tashi. Abin da kike gani a bidiyon intanet, ana kaɗa yatsa mutum ya zube yana kukan kaza, wannan wasan nishaɗi ne, ba shi za a yi miki ba.

Kuma abin ba na jiya ba ne. Wani likitan fiɗa mai suna James Braid, wanda ya yi aiki a Manchesta ta Ingila, ya rubuta littafi a kansa tun 1843, yana nuna cewa aikin hankalin mutum ne da kansa, ba wani ƙarfin ɓoye a hannun mai yi ba. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a jinya a 1955, ta Amurka kuma a 1958. Akwai ma labarin da ya shafi masu sana'a irin taki. Sergei Rakmaninof, makaɗin nan na Rasha, an gabatar da babban kiɗansa na farko a 1897 yana ɗan shekara 23, abin ya watse, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Ya yi kusan shekara uku bai iya tsara wani abin kirki ba. A farkon 1900 ya riƙa zuwa wurin wani likita a Mosko, Nikolai Dahl, wanda ya haɗa masa hira da hifnosis. A 1901 ya kammala kiɗan fiyano da har yau ake ji da shi a duniya, ya kuma sadaukar da shi ga likitan. Nasa ciwon ya fi kama da karayar zuciya fiye da tsoron taro, amma ki lura da abu ɗaya, likitan bai koya masa kiɗa ba. Ya riga ya iya, tsoro ne ya ɗaure shi, aka kwance.

Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe, Auta. Babu likitan da zai zuba miki maganar da ba ki haddace ba. In kin je atisaye rabi da rabi, kina dogaro da cewa za a kwantar miki da hankali, to za ki fito dandali hankali kwance ki manta layinki. Sai ki haddace rawarki har ki iya faɗinta kina wanke-wanke, kina tafiya aji, wani yana katse ki da surutu. Sannan ki sani ba kowa abin ke kamawa daidai ba. Wasu nan take suke nutsewa, yawancin mutane tsaka-tsaki ne, wasu kuma kusan ba ya yi musu komai, kuma wannan ba laifinsu ba ne, ba kuma alamar taurin kai ba. Binciken da aka yi a kan makaɗa da 'yan wasa ba shi da yawa, mutanen da aka gwada a ciki kaɗan ne. Hanyar da ta fi samun shaida a maganin tsoro ita ce wadda masanin halayya zai zauna da ke ku warware tunanin da ke hura wutar, irin su "in na yi kuskure na shiga uku", sannan ya sa ki tunkari taro kaɗan-kaɗan, daga mutum biyu zuwa goma zuwa aji guda. Masani na ƙwarai yakan haɗa hifnosis da wannan ne. In kika ga wanda ba shi da komai sai "rufe idonki", yana kuma alkawarin warkewa a zama ɗaya, ki riƙe kuɗinki.

Sharuɗɗanmu ke nan. Wanda za ki je wurinsa ya zama likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya da ke aiki a asibitin da aka sani, kamar asibitin koyarwa na nan Jos ɗin ko namu na Bauchi, ba wanda ya yi kwas na mako biyu a intanet ya buga kati ba. Ki nemi mace in akwai. In babu, ki tafi da ƙawarki ta zauna a ɗakin, likitan kirki ba zai hana ba. Kada ki yarda wani ya ce zai tono miki abin da ya same ki kina jaririya ki kuma gaskata duk abin da ya fito, domin a wannan yanayin mutum yakan "tuna" abin da bai taɓa faruwa ba, ya kuma rantse a kai. An raba iyalai da irin wannan. Kafin komai kuma a auna jininki a duba maƙogwaronki, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna sa bugun zuciya da rawar hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗa wa likita komai, har da rashin barcin da kika ɓoye mini sai a bakin yayarki na ji. Ki bar kofi da lemon ƙarin kuzarin nan na gwangwani a ranar wasa.

Akwai abin da ya fi tsaya mini a rai. Na san a bayan dandali ba za a rasa mai miƙo miki ƙwaya ba, ya ce sha ɗaya ki ga yadda za ki zama zakanya. Na ga 'ya'yan mutane da tiramadol ya kawo mana su suna farfaɗiya, na ga waɗanda kodin ya cinye kafin gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, kuma da yawansu da "don in samu ƙarfin hali" suka fara. Har furofanolol da wasu makaɗa ke sha don rage bugun zuciya, maganin likita ne, yana da haɗari ga mai asma, ke kuma kin san yadda ƙirjinki yake yi da hunturu. Kada ki karɓa a hannun kowa.

Addu'arki kuma tana nan a wurinta, babu abin da ya ture ta. Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna ya faɗa wa Ubangijinsa cewa ƙirjinsa zai ƙuntata, harshensa ba zai saku ba, sannan ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a sauƙaƙa masa al'amari, a kwance ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Wannan addu'ar tasa tana cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, kin haddace ta tun kina Islamiyya. Ki karanta ta a bayan labule, kina fitar da numfashi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo.

In an yi hutu ki taho da takardar wasan. Zan tara miki 'ya'yan yayarki da maƙwabta a tsakar gida ki yi a gabansu, wata rana kuma a gaban Abbanku da abokansa a zaure, waɗanda na san sun fi malamanku kwarjini a idonki. Kafin nan ki turo mini sunan likitan da asibitin da yake aiki tun ba ki biya ko sisi ba, zan sa wata tsohuwar abokiyar aikina ta bincika mini. Kuɗin zaman farko yana cikin abin da Abbanku zai turo miki ƙarshen wata.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.

Mahaifiyarki,
Umma