Yunwar ƴan koleji da ba a magana a kanta

Assalamu alaikum malam edita, ina gaida ku da aiki. Ni mushe ne, wato malamin lakwal, a wata koleji nan cikin garin Tawa. Kullum in ana batun ƙarancin cimaka a rediyo jarirai da mata masu ciki ake ambato, kuma daidai ne, amma don Allah ku tuna da ƴan shekara 13 zuwa 17 ɗin nan da ke zaune gabana a kilas.

Da yawansu ba ƴan gari ba ne. Yaro ya gama firamare a ƙauye, a kawo shi birni a aje gidan wani ɗan uwa da ƴan tiyoyin hatsi, uban ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, kafin wata uku hatsin ya ƙare kuma mai masaukin shi ma ga nashi iyali, to yaro a gidan mutane ta ina zai buɗe baki ya ce ban ƙoshi ba?

Akwai wani yaro gare ni a katiriyem, wato aji na uku na koleji, farkon shekara shi ke riga kowa ɗaga hannu. Da aka shiga watan Maris sai ya koma kifa kai bisa tabur, magana kaɗan ya tashi da faɗa, kaye ɗinshi fari fat. Har na kore shi waje sau biyu, Allah ya yafe mini. Rannan da rekreyasho yara sun yi wajen masu fanke da wake da shinkafa, na hango shi bayan kilas ya sha ruwan famfo ya tsuguna shi kaɗai. Na ce yaushe rabonka da abinci, ya ce mushe tun jiya da rana. Dala ashirin ce ba shi da ita, kuma kunya ta hana shi tsayawa inda abokai ke ci. Ya ce da dare ba ya barci sai tunani, wani lokaci ji yake da ma ba a haife shi ba. Wallahi wannan maganar ta fi yunwar tada mini hankali, yaro ɗan shekara 15!

Mu manya sunan da muke ba abin shi ne lalaci ko taurin kai. In yarinya ce ta yanke jiki ta faɗi a kilas sai a ce iska. Ni ban musanta iskoki ba, amma kafin a kira malamin ruƙiyya a tambaye ta ko ta karya. Ciki wayam, zafin Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, ga jarabawar gama koleji ta BEPC na zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wane kai ne zai riƙe lissafi? Kuma tun takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar a 2023 da ambaliyar 2024 wadda ta sa ba a koma lakwal ba sai 28 ga Oktoba, gidaje da yawa ba su gama farfaɗowa ba.

Kantin ɗin ciyar da ƴan lakwal da gwamnati da PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke tallafawa yawanci a firamaren ƙauye da na makiyaya suke. Ina roƙon magabata su kawo shi kolejojin birni ko da kokon safe ne, kuma in OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa, za ta saida hatsi mai rahusa a duba gidajen da ke riƙon ƴan lakwal. Ku kuma ku ware mana shiri guda, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa iyaye da mushe-mushe bayani da Hausa.

Yaron dai mun haɗa mishi kuɗin karin kumallo mu uku, ya fara ɗaga hannu kuma. Amma wanda ke zaune kusa da shi yau kwana tara ke nan bai zo ba, an ce ya bi mota zuwa Agadas.

Naku mai saurare,
wani mushe daga Tawa