Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta nazarin itatuwan dangin gyaɗar ƙamshi

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini alhakin kawo muku bayanin ayyukan bana. Akasarinmu ƙamshi ne ya jawo mu cikin wannan nazari, amma aikin da aka yi ya nuna mana cewa mai da jan ruwan jiki su ne suka fi haɗa wannan dangi na Myristicaceae, mai nau'o'i wajen 500 a dazuzzukan Asiya da Afirka da Kudancin Amurka.

Reshen kimiyyar sinadarai ne ya fi kowa cin lokaci, kuma ya cancanta. Sun daka ƙwayar Myristica fragrans, wato gyaɗar ƙamshi, suka jiƙa garin a ruwan narkarwa, suka tace, suka bar shi ya ƙafe. Abin da ya rage a gindin kwalba wani farin gari ne mai santsi a yatsa, ba ya ƙamshin komai. Wannan shi ne tirimiristin, wanda ke narkewa idan zafi ya kai kusan digiri 56 a ma'aunin Salshiyas. Daga cikinsa ake samun asid ɗin miristik mai ƙwayoyin kabon 14, wanda Lyon Playfair ya fara warewa a 1841. Wasu sun yi ta sunsunar kwalbar suna cewa an zubar da mai amfanin, alhali kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na ƙwayar irin wannan daskararren mai ne. Shi ma Pycnanthus angolensis na dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka ana tatsar man kombo daga ƙwayarsa, haka nan Virola surinamensis na yankin Amazon yana ba da man ukuba da ake sabulu da kyandir da shi.

Ƙamshin kuwa a wani siririn mai yake, wanda aka fitar ta hanyar turara garin da tururi. Yawancinsa sabinin ne da finin, sai miristisin da elemisin da safurol ɗan kaɗan. Waɗannan ukun ne suka sa muka yi zama na musamman kan guba. Wanda ya haɗiye garin da yawa, kamar giram 5 zuwa sama, yana iya gamuwa da bushewar baki, bugun zuciya, amai da ruɗewa, kuma abin kan kwana bai sake shi ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana zuba safurol a abinci tun 1960. Kwamiti ya yanke cewa ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, ko da wasa.

A lambun reno an sha wahala. Busasshiyar ƙwaya ba ta tsira ko ɗaya ba, domin ƙwayar wannan itace tana mutuwa da zarar ta bushe. Ɗanyen irin da aka shuka da wuri ya ɗauki fiye da wata guda kafin ya leƙo. Babbar matsalar tana gaba: namijin itace daban, macen daban, kuma ba a gane su sai sun yi fure bayan shekara shida zuwa takwas. Shi ya sa manoman Kerala a Indiya ke yi wa dashe aure da reshen macen da aka san tana 'ya'ya. Gwajin auren da muka yi bai kama sosai ba, a ganina saboda rassan sun daɗe a hanya.

An tafka muhawara lokacin da wani mamba ya kawo Monodora myristica yana son a shigar da ita kundin busassun ganye. Ƙamshin ya yi kusa ƙwarai, amma ita 'yar dangin gwandar daji ce, ƙwayoyi da yawa a cikin ƙaton ɗa guda. Namu kuwa ƙwaya ɗaya tak, ɗan ya tsage biyu, ga jar raga ta lulluɓe ƙwayar. Wannan ragar ce ke jawo tsuntsaye, manyan kurciyoyi a tsibiran Banda na Indonesiya da masu ƙaton baki a Amazon, su haɗiye su watsa irin. Idan kuma aka tsaga ɓawon itacen, ruwa ne ke tsatsowa ja kamar jini. An ajiye samfurin nasa a wani kundi na daban.

Laccar tarihi ta taɓo mamayar da Holan ta yi wa Banda, mahaifar gyaɗar ƙamshi, a 1621, da yarjejeniyar Breda ta 1667 wadda ta bar mata tsibirin Run na Banda, Ingila ta riƙe Manhattan. Mahalarta ba su yi yawa ba.

Kundinmu har yanzu ba shi da Knema da Horsfieldia na Asiya, don haka neman su ta hanyar musayar samfuri shi ne aikin farko a baɗi. Za a sake gwada auren dashe da rassan da aka yanko a ranar. Ana roƙon waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba su tuntuɓi ma'aji kafin babban taro, domin na'urar turaren tana bukatar sabon bututun gilashi.

Sakataren ƙungiya