Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobi

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu aikin haɗa kwamfutoci da intanet ta gudanar a shekarar da muke bankwana da ita. Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da aka ɗage. Mun karɓi sababbin membobi, galibinsu ɗalibai masu shirin jarrabawar CCNA, wato ta shaidar ƙwarewa ta kamfanin Cisco. Lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai kawo nasa daban.

Abin da ya cinye mana shekarar shi ne batun ƙofar fita, wato adireshin da kwamfuta ke miƙa wa duk saƙon da zai bar gida zuwa waje. Kwamfuta ƙofa ɗaya aka nuna mata. In na'urar da ke riƙe da adireshin ta mutu, ofis ya tsaya cak, ko da akwai wata na'urar a gefenta lafiya lau. Maganin shi ne suwic biyu (na'urorin da ke haɗa kwamfutocin ofis) masu iya aikin rauta, wato tura saƙo zuwa waje, su riƙe adireshi ɗaya na haɗin gwiwa, ɗaya na bakin aiki, ɗaya na zaman ko-ta-kwana.

Mun fara da HSRP, tsarin kamfanin Cisco na yin hakan, da farko a manhajar gwaji ta Packet Tracer, daga baya a kan tsofaffin suwic ƙirar Catalyst 3560 guda biyu da wani dattijon ƙungiya ya ba mu aro, Allah ya saka masa. Suwic na farko aka ba shi 192.168.10.2, na biyu 192.168.10.3, sannan duka biyun aka rubuta musu umarnin standby 1 ip 192.168.10.1, adireshin haɗin gwiwar da shi kaɗai kwamfutoci suka sani. Suna gaisawa duk bayan daƙiƙa 3. In na ko-ta-kwana ya yi daƙiƙa 10 bai ji ɗuriyar ɗan uwansa ba, sai ya karɓi ragama. Kwamfutoci ba sa ma sanin an yi sauyi, domin adireshin MAC ɗin, wato lambar shaidar na'ura a kan waya, shi ma na haɗin gwiwa ne.

A zaman bibiyar layi ne aka yi gardama har shayi ya huce. Suwic na iya kasancewa da ransa amma layinsa na fita waje ya yanke, shi ya sa ake umartarsa ya rage wa kansa fifiko, wato lambar da ke nuna wanda ya fi cancantar riƙe ragama, idan haka ta faru. Fifikon asali 100 ne, ragin asali kuma 10. Rabin ɗakin sun ba na farko 110, na biyu na kan 100, suka zare waya, ya sauko 100, shiru kake ji. An yi kunnen doki, kuma a HSRP kunnen doki ba ya ƙwace mulki. Da aka mayar da shi 105 aka sake gwadawa, wasu suka ga sauyi nan take, wasu kuma har yanzu shiru, don sun manta standby 1 preempt a kan suwic na biyu. A HSRP sai ka kunna wannan izinin ƙwacen da hannunka.

VRRP, wani tsarin mai aiki irin na HSRP, muka ba wata biyu, kuma a ganina ya cancanci fiye da haka, tunda yawancin wuraren da membobinmu ke aiki na'urorin kamfanin MikroTik ake samu, ba Cisco ba. VRRP ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, tun 1998 aka fitar da ƙa'idarsa ga kowa. Yana sanarwa duk daƙiƙa 1, kuma izinin ƙwace a kunne yake zuwa. Wanda ya saba da ɗayan ya kula da wannan bambancin.

Dole in faɗi abin kunyar da ya same mu. Kwamitin ayyuka ya je taimaka wa wani memba a wurin da yake kwangila. Da muka buga show standby brief, umarnin da ke nuna matsayin kowane suwic, sai ga suwic biyu kowanne na cewa shi ne mai aiki. Ashe ba a bar VLAN ɗin, wato rukunin layin da kwamfutocin ke ciki, ya ratsa wayar da ke tsakaninsu ba, don haka ba sa jin gaisuwar juna. Muka gyara, muka gwada, muka tafi muna yaba kanmu. Bayan kwana kaɗan aka ɗauke wuta, kafin a ta da janareta komai ya mutu. Suwic ɗin biyu a soket ɗaya muka bar su, ni da kaina na jona na biyun. Tun daga nan kwamiti ya yanke cewa ba za a miƙa irin wannan aiki ba sai an zare waya kuma an kashe wutar kowane suwic ɗaya bayan ɗaya a gaban mai wurin, sannan kowanne ya samu batirinsa.

GLBP, mai raba kaya tsakanin ƙofofin maimakon ɗaya ta zauna zaman jira, ba mu kai gare shi ba. Yana cikin jadawalin baɗi, tare da VRRP zubi na 3 mai ɗaukar IPv6, sabon tsarin adireshin intanet.

A ƙarshe, wayar konsol ta ƙungiya, wadda ake saita suwic da ita, mai launin shuɗi-shuɗi, ba ta dawo ba tun zaman VRRP na biyu. Wanda take cikin jakarsa ya taho da ita taro na gaba, ba za a tambayi suna ba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya