Godiya ga masu shagon firam da gilashi na Sabon Gari, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Alhaji mai shago da yaransa, na rubuto ne a madadin malamai da iyayen yaran makarantarmu ta Islamiyya da ke cikin birni. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a domin aikin da kuka yi mana ba ya ganuwa. Duk wanda ya shigo hoton yake yabawa, ba ya sanin abin da ke bayansa.

Wani daga cikin iyayen yara ne ya ba mu kyautar babban firam na Ayatul Kursiyyu, tsawonsa mita ɗaya da rabi, faɗinsa mita ɗaya, an rufe shi da gilashi mai kaurin milimita 5. A bakin babban yaronku na fara jin cewa irin wannan gilashi, kowane murabba'in mita nasa kilo 12 da rabi ne. Ke nan gilashin kaɗai ya doshi kilo 19, in aka haɗa da katako kuwa sai a ce rabin buhun siminti za a rataya. Kuma a ɗakin da yara ƙanana ke zama a kan tabarma, sun jingina da bango.

Kowa ya san yadda aka saba a gidajenmu: a sayo ƙusar kankare, a bi ta da guduma har filasta ya ɓantare, a ɗaura igiya a rataya. Ga kalanda ko agogon roba wannan ya isa. Ga abu mai nauyi kuwa, sau da yawa ƙusar a filasta kawai take tsaye, tana sunkuyawa a hankali har ranar da wani zai buga ƙofa da ƙarfi.

Yaranku ba su fara da fito da injin huda ba. Sai da suka bi bangon da ƙwanƙwasa suna saurare, don bulo mai inci tara yawancinsa rami ne a ciki, suna neman inda yake da tauri. Sannan suka duba inda soket da makunnin fitila suke, suka kauce wa saitinsu sama da ƙasa, tunda ta nan bututun wayar lantarki ya saba bi. Ni dai ban taɓa ganin mai rataya hoto ya damu da wannan ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar katako biyu. Suka yanke gefen kowanne a karkace, suka ɗaure ɗaya a bango da fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, da dogayen sukuru guda huɗu, bayan sun ɗora filam, ma'aunin da magina ke duba karkata da shi, sun tabbatar ya miƙe, ɗayan kuma suka ɗaure shi a bayan firam. Da aka ɗaga firam ɗin aka sauke, sai katakon sama ya zauna cikin na ƙasa cif. Babu igiya, babu waya, nauyin ya rabu a tsawon katakon maimakon ya taru a wuri ɗaya, kuma nauyin ne ma ke ƙara manne shi da bango. Kafin su ɗora, ɗayansu ya kama katakon bangon ya ja shi ƙasa da ƙarfinsa a gabanmu. Duk da haka suka nace a mayar da shi bangon da ke bayan kujerar malam, ba inda yara ke jingina ba. Na so ya fi fuskantar ƙofa, amma maganarsu ce ta fi.

Zaurenmu tsohon ginin ƙasa ne da aka shafa wa siminti, kuma a nan muka so jera hotunan ɗaliban da suka yi sauka. A nan ne na san da mutanen kirki muke ciniki. Suka ce fisha ba ta kama ƙasa, ko ta riƙe yau, damina za ta sassauta ta. Suka ba da shawarar a cire gilasan a sa roba mai garai-garai, wadda nauyinta kusan rabin na gilashi ne kuma ba ta tarwatsewa kamar shi, sannan a sauko da siririyar sarƙa daga azara a rataya. Mai sayar da gilashi ya ce maka kar ka sa gilashi, ai sai ka saurare shi.

Sauran ƙananan abubuwa ma ba su bari ba. Sun liƙa ƙananan robobi a kusurwoyin ƙasa don iska ta riƙa ratsa bayan hoto, kada sanyin bango ya ɓata takarda. Lokacin huda, ɗaya na riƙe da kwali a ƙasa yana tare ƙura. Sun ce hunturu na busar da katako har mahaɗar firam ta buɗe, za su dawo su duba, kuma da sanyi ya wuce suka zo ba tare da an kira su ba, ba su karɓi ko sisi ba.

Kuɗin aikinku ba araha, wannan sai an faɗa, har ma'ajinmu ya ɗan yi tsaki da ya ga rasit. Amma da aka karanta lissafin a taron iyaye, babu wanda ya ce a nemi ragi.

Alhaji, a isar mana da gaisuwa ga yaran nan, musamman ƙaramin da ya tsaya yana amsa tambayoyin ɗalibai ba tare da gajiya ba. Allah ya ƙara kasuwa, ya yi wa zuri'a albarka, ya sa ku gama da iyaye lafiya.

Naku,
Shugaban makaranta, a madadin malamai da iyaye,
Kano.