Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Wani Matashi Mai Fama Da Ciwon Dajin Baki

Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu dattawan unguwa, kwamitin masallacin Juma'a da ƙungiyar matasa, muna gabatar da kokenmu a madadin wasu marayu 'yan gida ɗaya da ke cikinmu. Ƙaramin ɗan gidan, direban adaidaita sahu, ya daɗe da gyambo a gefen harshe wanda aka ɗauka zafi ne, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe da maganin kemis, har sai da likitoci suka yanki ɗan nama suka auna, suka tabbatar ciwon daji ne. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma ba ya cikin kowane tsarin inshorar lafiya, don haka komai da kuɗi hannu ake yi masa.

Nauyin duka ya faɗo kan yayarsa, wadda ɗinki ne sana'arta. Ta riga ta sayar da keken ɗinkinta ɗaya da kayan ɗakinta don biyan kuɗin awo da hoto, alhali ba a ma fara maganin ba. Tuwo ya gagare shi, sai kunu da take tacewa ta ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, kuma mai adaidaitar ya karɓe abinsa tun da ya kasa kawo balas. Likitoci sun ce sai an yi tiyata, sannan a bi da gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura, wanda zai sa su yi makonni a Zariya ko Abuja da kuɗin masauki da na abinci, sun kuma yi gargaɗin cewa jinkiri na ba cutar damar bazuwa zuwa wuya.

Ranka ya daɗe, mun nemi hanyar gwamnati kafin mu zo gabanka. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, ban da na baki. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 kuwa ta tanadi asusu domin masu ƙaramin ƙarfi, amma talakan da ba shi da mai gabatar da shi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. A ganinmu nan ne maganar uban ƙasa take da nauyin da tamu ba ta da shi.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Hakimi ya taimaka da takardar shaida zuwa ga Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, da wata zuwa ga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, domin a yi masa rajista cikin marasa galihu. Mun san rajistar ba za ta ɗauke kuɗin aikin duka ba, shi ya sa muke neman izininka mu kafa gidauniya a masallatan Juma'a na gundumar nan, a ƙarƙashin amintattu uku da kai za ka naɗa, waɗanda za su riƙa biyan asibiti kai tsaye suna karanta lissafi a bainar jama'a. Mutane sun gaji da masu yawo da takardun asibiti na bogi, kuma ba za su saki hannu ba sai sun ga hatimin fada.

Akwai kuma maganar da ta fi ƙarfin gida ɗaya. Har yau ana zuwa ana gaya wa wannan baiwar Allah cewa daji ba ya son allura, ta mayar da ƙaninta gida a yi na gargajiya. Muna roƙon ka umarci limamai da masu unguwanni su sanar da jama'a cewa duk gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman ga mai shan sigari ko mai cusa taba a baki, asibiti ake kai shi.

Takardun asibitin suna hannun Mai Unguwa, kuma a shirye muke mu bayyana a fada duk ranar da aka kira mu.

Allah ya ƙara wa Hakimi girma.

Sa hannun wakilan dattawa, kwamitin masallaci da ƙungiyar matasa.